Ranar da Muka Gasa Kube a Obin

Mahaifina baduku ne. Abin da na tashi na gani a zauren gidanmu a Kano ke nan: fatu rataye a jikin bango, basilla, aska, da kuben wuƙaƙe jere a kan tabarma suna jiran masu su. Ban gaji sana'ar ba. Hannuna yana da gaggawa, dukanci kuwa ba ya son gaggawa. Da ƙyar na gama sakandare, na yi ta buga-buga, har Allah ya kawo ni Amurka. Ga ni yau a Springfield, ina gadi a wani babban sito na magunguna.

Gadin namu na riƙon bindiga ne. An horar da mu, an ba mu lasisi, in an tashi aiki kowa ya kulle tasa a akwatin ƙarfe na wurin. Abin da ya dame ni shi ne gidan bindigar da kamfani ya ba ni. Yana cizon ƙuguna. In na wuni a tsaye, na koma gida na cire yunifom, sai in ga wurin ya yi ja kamar an ɗora mini dutsen guga.

Akwai wani abokin aikina, mutumin Kumasi ta ƙasar Gana, mai yawan dariya, kowa a bakinsa Chale ne, wato aboki. Wata rana muna canjin aiki ya ga ina ta gyara ɗamara ina tsaki, sai ya buɗe rigarsa ya nuna mini nasa. Baƙi ne, siriri, ya bi jikin bindigar kamar tare aka halicce su.

Na ce, "A ina ka saya?"

Ya ce, "Saya? Chale, ni na yi da hannuna. Roba ne kawai. Ka gasa shi, ya yi laushi, ka danna."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Faifan roba ne mai tauri, ana sayarwa. Ana kuma sayar da bindigar roba shuɗiya wadda ba ta harbi, zubin ta gaske ce sak, da ita ake fitar da siffa. Sai katako biyu da soso mai kauri na dannewa. Da ya gama sai ya ɗaga mini yatsa.

"Amma ka ji ni da kyau, mutumin Kano. A waje ake yi. Ni ina da ƙaramin obin na gashi a gareji, ƙofa a buɗe, ga ma'aunin zafi, ga safar hannu. Kar ka shiga kicin na madam. In robar nan ya ƙone, hayaƙin shi ba wasa ba."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, ba zan ce ban ji ba. Sai dai ni ba ni da gareji. A hawa na uku muke a gidan haya, ga hunturu ya kankama. Na sayi kayan, na tura su ƙarƙashin gado, ina jiran ranar da gida zai zama babu kowa.

A wannan hunturun ne Baba ya zo. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, har ya daina ɗinki, mu kuwa muka yi ta fama har aka samu ya zo a yi masa aiki. Aka fara da idon dama. Ranar da aka cire masa bandeji ba zan manta ba. Muna fitowa daga asibiti ya tsaya cak a bakin mota, ya ɗaga hannun rigarsa inda dusar ƙanƙara ta sauka, ya kai shi kusa da fuska.

Ya ce, "Ikon Allah. Kowace ƙwaya da nata zanen. Wa ya zauna ya yi wannan?"

Daga ranar ya zama kamar yaro. Ya kalli zaren kafet. Ya kalli fuskar maiɗakina ya ce ashe surukarsa tana da wushirya. Ya ɗauki takalmin aikina ya juya shi, ya bi ɗinkin da farce, sannan ya kai shi hanci ya shinshina. Wannan ɗabi'arsa ce tun ina yaro. Ba ya sayen fata sai ya shinshina ta. Ta wari yake gane wadda ta sha bagaruwa sosai da wadda aka yi wa jimar gaggawa. Ya ajiye takalmin ya ce, "Wannan ba ta taɓa zama jikin dabba ba."

Wata Asabar da hantsi maiɗakina ta tafi garin Landover cefane ita da ƙawarta, wai sun ji an kawo daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta ɗauki 'yarmu. Gida ya rage daga ni sai Baba. Na jawo kayan daga ƙarƙashin gado. Gaskiya ba don ƙuguna kaɗai na jawo su ba. Ina so mutumin nan da ya yi shekaru yana kallon hannuna yana girgiza kai ya ga na yi kube, ko sau ɗaya.

Na shimfiɗa kayan a teburin kicin. Baba ya jawo kujera ya zauna, yana sanye da rigar sanyi biyu da hular ulu a kan tasa hular. Ya ɗauki faifan robar ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wannan ai faranti ne. Da shi za ka yi kube?"

"Da shi, Baba."

"Ina za ka huda? Basilla ma karyewa za ta yi."

"Ku dai ku zuba ido."

Na kunna obin ɗin da ake gasa mana kaza. Ba ni da ma'aunin zafi, na murɗa abin kunnawa zuwa inda na ga ya yi mini. Na ɗora faifan a kan tire na tura. Muka tsuguna mu biyu muna leƙe ta gilashin ƙofar, fitilar ciki tana haska shi.

Da fari babu abin da ya faru. Can sai gefunansa suka ɗan ɗaga, kamar ganyen da rana ta taɓa. Sannan suka koma suka kwanta. Na buɗe, na sa tsumman kicin na ɗago shi, sai ga abin da ɗazu yake ƙara kamar faranti ya lanƙwashe a hannuna, ya yi laushi tiɓis kamar fatar da ta kwana a ruwa. Baba ya ce, "La ilaha illallahu." Na naɗe shi a kan bindigar shuɗiya, na sa tsakanin soso, na haɗa katakan, na hau kai na zauna.

Baba ya fashe da dariya har da tari. "Wannan ce sana'ar? A zauna a kai?"

"Ita ce, Baba."

"Da na sani ai da tuni na ba ka gado. Zama kam ka iya."

Da faifan ya huce na buɗe. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Robar ta koma tauri kamar yadda take da fari, amma ta ɗauke siffar bindigar kaf. Kowane layi, kowane tudu da kwari, har ƙananan rubutun da ke jikin abin sun fito. Na tura bindigar shuɗiya ciki, ta shige ta ce ƙas. Na juya kuben ƙasa, ba ta faɗo ba.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya rufe idon hagu da ba a yi wa aiki ba, ya bi kuben da na dama a hankali, daga baki har ƙasa.

Sannan ya ce, "Ni sai in jiƙa fata, in ɗaure ta a kan itace, in jira ta bushe, in sake jiƙawa. Wani lokaci ta ƙi. Sai na lallashe ta. Wannan kuwa an ce mata zama kaza, ta zama." Ya sake tura bindigar, ta sake cewa ƙas. "Allah mai iko. Ya ɓoye wannan a cikin ƙasa tun fil azal, sai yanzu ya nuna wa bayinsa."

Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar wuƙarsa ta yankan fata, wadda ba ya tafiya ko'ina ba tare da ita ba. Ya ce, "Sake yi in gani. Yi wa wannan."

Zuciyata ta cika fal. Ban taɓa jin ya ce in yi masa wani abu da hannuna ba. Na yanko wani faifan na jefa a obin, wannan karon ko tire ban sa ba, a kan wayar ƙarfen da ke cikin obin na ɗora. Ban lura cewa obin ɗin yana kunne tun ɗazu yana ta tara zafi ba. Na koma tebur muka ci gaba da juya kuben farko, yana nuna mini inda zai sa ɗinki da na fata ne, ina nuna masa inda ake ɗaura ƙusa.

Wari ne ya fara zuwa. Ba irin warin ƙonewar abinci ba ne, wani abu ne mai kaifi da yake tsaya wa mutum a maƙogwaro. Na zabura na buɗe obin. Faifan ya yi ƙyalli, ya yi ƙuraje, gefensa ya yi baƙi ya zubo ta tsakanin waya yana ɗiga a ƙasan obin. Hayaƙin ba shi da yawa, fari ne siriri. Na kai hannu da tsumma, robar ta manne mini a babban yatsa, na yi ihu na nufi famfo.

Ina juyowa na ga Baba ya sunkuya a bakin obin. Ya kai fuskarsa kusa, ya ja numfashi mai tsawo ta hanci, yadda yake yi wa fata in yana so ya san abin da ya same ta.

Ya miƙe da sauri ya dafe bango. Ya yi tari, ya yi tari, hawaye na zuba. Na riƙe shi na kai shi falo, na ba shi ruwa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba komai. Yaji ne kawai. Ta fi barkono."

A silin ɗin kicin ɗinmu akwai ƙararrawar hayaƙi. Ba ta yi ƙara ba, domin tun shekarar da muka shiga gidan muka rufe ta da hular wanka ta leda. Duk lokacin da maiɗakina ta sa turaren wuta sai ta kama ihu, maƙwabta su fito. Kusan duk gidan mutanenmu da na shiga a nan na ga irin wannan hular a silin, har na daina ganinta.

Abin da ya kamata in yi a lokacin sananne ne: in buɗe tagogi, in fitar da Baba waje. Na je har bakin taga na tsaya. Na tuna likita ya ce a kiyaye idon daga iska. Na tuna yadda Baba yake rawar sanyi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, in faɗi gaskiya, shi ne maiɗakina tana hanya, za ta shigo ta ji abin da na yi mata a obin. Sai na kashe obin na rufe ƙofarsa. Na ɗauko kaskonta, na kunna gawayi, na buɗe kwalbar turaren da yayarta ta aiko mata daga Maiduguri, na zuba da yawa. Na zaga da shi kicin, na zaga falo, na ajiye shi kusa da kujerar da Baba yake zaune. A gidanmu haka ake korar wari. Ban san wata hanya ba, ko kuma na sani na zaɓi wannan.

Hayaƙi ya hau kan hayaƙi. Baba ya jingina ya lumshe ido. Tarin ya ragu, na ɗauka sauƙi ne. Ina kankare robar daga waya a kicin sai na fara jin wani sauti siriri, kamar ana busa ƙaramin usur daga nesa. Na duba famfo, na duba hita. Da na leƙa falo na gane daga ƙirjin Baba yake fitowa.

Daidai nan maiɗakina ta turo ƙofa da ledoji. Ta tsaya. Ta tura 'yarmu baya ta ce ta tsaya a waje.

"Maigida, me ya ƙone?"

"Turare na sa."

"Na ji turare. Me ke ƙarƙashinsa?"

Ba ta jira amsa ba, ta ga Baba. Ta zubar da ledojin ta sauka da gudu. A hawa na biyu akwai wata nas, mutuniyar Jos, Kirista, wadda muke kira Anti. Ita take kawo mana abinci ranar Kirsimeti, mu mu kai mata nama da Sallah. Anti ta hawo da zanen gida da silifa. Tana shigowa ta toshe hanci da gefen zane, ta bi tagogi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kaskon ta kife shi a sinki ta sakar masa ruwa.

"Ku kama shi, mu fita da shi baranda. Baba, sannu. Kar ku yi magana, ku zauna a miƙe." Ta ɗora kunne a bayansa, ta ce wa maiɗakina ta kira motar asibiti. Sannan ta juyo gare ni. "Malam, me ya shaƙa?"

Na ce, "Turaren wuta."

Ta dube ni. "Na yi shekaru ina shaƙar turaren matarka ta ƙasan ƙofa. Bai taɓa sa idona ruwa ba. Likita zai tambaye ni, abin da ka faɗa shi zan faɗa, da shi kuma za su yi masa magani. Me ya shaƙa?"

Baba ya ɗago hannu ya nuna kicin. Leɓensa ya motsa, murya ba ta fito ba. Na shiga na ɗauko robar da ta ƙone na miƙa mata.

Ta ce, "Yesu! A obin ɗin abinci? Sa shi a leda ka ɗaure, ka taho da shi."

A asibiti suka sa masa abin numfashi a fuska, wani farin tururi yana fita. Suka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai jar fitila. Likitar ta karɓi ledar ta duba, ta yi bayani, Anti tana mayar mana da Hausa a inda Turancina ya gaza. Ta ce irin wannan robar in zafi ya wuce mata, tana sakin wata iska da in ta haɗu da danshin maƙogwaro da huhu sai ta zama ruwa mai ci, kamar ruwan batir. Hanyoyin iska sun kumbura, sun ƙuntata. Ga tsufa, ga hayaƙin gawayi da turare da aka ƙara masa a rufaffen ɗaki. Ta ce za su riƙe shi su ga yadda kumburin zai yi, domin wani lokaci sai daga baya yake tsananta.

Na zauna a gefen gadon da yatsana a naɗe. Ban taɓa zama na kalli mutum yana numfashi ba sai ranar. Ƙirji ya ɗaga, ya tsaya, ya sauka. Tsakanin sauka da ɗagawa akwai wani ɗan shiru da ban taɓa sanin yana nan ba, a cikinsa nake jira kowane karo. Tun ranar da aka haifi wannan bawan Allah abin nan yake yi, yana barci yana yi, yana ɗinki yana yi, ba wanda ya tuna masa. Ta wata 'yar hanya da ba ta kai kaurin yatsa ba. Na yi ta istigfari, ban san iyaka ba.

Da ya ɗan farfaɗo ya ɗaga yatsan da ke da jar fitila yana kallo. Ya yi mini alama in matso. Da raɗa ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Yana duba iskar da ke cikin jininku, Baba."

"Ta cikin fata? Ba a huda ba?"

"Ba a huda ba."

Ya juya yatsan, ya ga hasken ya ratsa farcensa ya fito ja. Ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Tabarakallah," sannan barci ya ɗauke shi.

Kumburin bai tsananta ba. Aka sallame mu da abin fesawa a baki, aka ɗaga aikin idon hagu sai ƙirji ya warke. Ranar da muka dawo, a kowane hawa sai da ya zauna ya huta. Muka tarar maiɗakina ta fitar da wayar obin da tiren ta zubar, ta wanke cikinsa har hannunta ya yi fari, kuma duk da haka ba ta sake gasa komai a ciki ba har muka bar gidan. Ta hau kujera a gabana ta cire hular ledar daga silin. Ta ce, "Wannan ni na sa, ni zan cire. Sauran naka ne."

Muryar Baba ta dushe. In lokacin sallah ya yi sai ya tura ni gaba da hannu, shi ya tsaya a baya. Ban taɓa jan mahaifina sallah ba sai a waɗannan kwanakin, kuma ina karatu ina jin usur ɗin nan a bayana, sai in rikice a surar da na haddace tun ina allo. Abokin aikina mutumin Kumasi ya zo dubiya da lemo. Bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Da zai tafi ya ce in ina so in zo garejinsa in rani ya shigo. Ban je ba tukuna.

Sanyi ya fara sassautawa, bishiyoyin bakin titi suka fara fitar da fure. Wata magariba na shimfiɗa darduma, na matsa gaba kamar kullum, sai na ji an ja rigata. Baba ya wuce ni ya tsaya. Ya yi kabbara. Muryar ta fito a dushe, amma ta fito. Ya fara karatu a hankali. Ya zo wata aya mai tsawo, ya kai tsakiyarta ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin firji yana aiki. Sai na ji ya ja iska. Ta shiga, ta ci gaba da shiga, har ƙasa, babu usur, babu tari. Ya ƙarasa ayar, ya ja ƙarshenta yadda ya saba ja, ya yi ruku'u.

Da ya sallame ya juyo ya same mu, ni da maiɗakina da 'yarmu, duk mun zuba masa ido.

Ya ce, "Me kuke kallo? A kawo tuwo."